Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana yawo a zaurukan hira na ƙasar nan, wadda ba jahilai kaɗai ta kama ba, har da waɗansu masu rawani da masu digiri, ita ce mutum ya tsinci kalma guda a bakin wata al'umma mai nisa, ya ji lafazinta ya yi kama da na wata kalma tamu, nan take, ba tare da ya nemi hujja ko ya tuntuɓi ma'abota ilmin lugga ba, sai ya yanke hukunci cewa lalle mutanen nan 'yan'uwanmu ne da suka ɓace, ko kuwa a wurin kakanninmu suka koyi magana. Da irin wannan ƙiyasi ne aka ɗaura wa Hausa aure da Habasha, don kawai sunayen biyu sun soma da harafi ɗaya sun kuma ƙare da wasali ɗaya, da shi ne kuma ake haifo mana sabuwar ƙasar asali kusan kowace shekara. Abin da nake so in tsayar a wannan rubutu shi ne, kamannin lafazi shi kaɗai ba ya zama shaidar dangantaka, har sai an nuna hanyar da kalma ta biyo, da ayarin da ya ɗauko ta, da kasuwar da aka sauke ta. Kalmar da na zaɓa don gwaji ita ce "gari", haruffa huɗu rak. Wurin da na zaɓa mu shimfiɗa tabarma kuwa Birnin Gwari, domin daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar uku suna amsa sunan Magajin Gari, domin kuma sunan birnin kansa yana ɗauke da wata kalma da ta yi kama da gari kamar an tsaga kara, alhali ba su haɗa ko da kaka ba.

Mu fara da gida. Bahaushe in ya ce gari, farkon abin da ke faɗo wa zuciya shi ne mazaunin mutane, wanda ya girmi ƙauye bai kai birni ba, mai kasuwa da masallacin Juma'a da mai gari. Daga nan aka sami cikin gari da bayan gari, da ɗan gari da baƙo, da Sabon Gari da Turawa suka keɓe wa baƙi a Kano da Zariya. Amma kalmar ba ta tsaya a bakin ganuwa ba. In an ce gari ya waye, sararin samaniya ake nufi, in manomin Kuyello ya ɗaga kai ya ce gari ya lumshe, ya hango alamar ruwa ke nan, in mai cefane ya ce gari ya yi zafi, da tsadar masara yake, ko da kuwa ana tsakiyar hunturu, in aka ce maka "Yaya garin?", to an tambayi lafiyarka da ta iyalinka da ta aljihunka a dunƙule, amsarka kuma ita ce hamdala ko da ba ka karya kumallo ba. Sa'an nan ga wani "garin" da ba shi da ƙofa balle unguwa, wanda ke cikin "garin yaya?" da cikin karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido, inda ma'anarsa ta koma sababi. Ga kuma "na gari", wato mutumin kirki, da "nagarta". Ko tushensu ɗaya da gari mazauni ko dabam, kunnen Bahaushe ya riga ya gama su, domin a lissafinsa ladabi da tarbiyya a gari ake koyonsu, wanda ya rasa su kuwa a daji ya tashi. Zan komo kan wannan hukunci, don akwai zalunci a cikinsa.

Duk waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, ko aƙalla maƙwabta. Baƙon cikinsu shi ne garin tuwo, wanda ba abin da ya raba shi da na farko a baki sai jan wasali: a mazauni ana taƙaita "ga", a abinci ana jan ta. Malamanmu na ajami ba su da wannan ruɗani, domin in garin tuwo suke nufi sai su sa alifi bayan gaini, mai karatu ya ja. Amma da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutun boko a 1912, sai aka bar tsawon wasali da karin sauti a hannun mai karatu, a kan haka kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta tafi tun fitowarta a 1939, har yau muna kai. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna bambancin, amma wa ke rubuta wasiƙa da ƙamus a gefensa? Galibi zancen da ke kewaye da kalma yakan warware ta, sai dai akwai lokacin da yakan ƙara ɗaure ta. Wani ɗan kasuwa da na sani a Kaduna, wanda mahaifiyarsa ke zaune a wani ƙauye ta wajen Randagi, a shekarun da hanya ta ɓaci, ya duba wayarsa bayan sallar Asuba ya ga ƙanwarsa ta rubuto masa kalmomi huɗu: "Yaya, garin ya ƙare." Ya kira, layi ya ƙi shiga, ya sake kira, shiru, ya fita ba hula ya nufi tasha yana tambayar direbobi ko an shiga garinsu da dare. Sai da hantsi ya dubi ludayi sa'an nan muryarta ta fito, ta ce, "Haba Yaya, buhun da ka aiko wa Inna ne ya ƙare, yau ko na koko babu." A wata nahiyar wannan abin dariya ne tsantsa. A ƙasar Birnin Gwari kuwa, inda ƙauyuka suka sha tashi a dare ɗaya, fassararsa ta farko ita ce ta fi kusa da hankali.

Haka nan abokiyar hamayyar gari, wato dawa. Dogon Dawa da ke kan hanyar Funtuwa ba don tsawon karan hatsi aka raɗa masa suna ba, don nisan jeji ne. Amma a boko dawar jeji da dawar rumbu rubutu ɗaya ne, har ya zama "garin dawa" yana iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi, yana kuma iya zama mazaunin da ke tsakiyar ƙungurmi.

To, mu fita waje, mu fara da tafiyar da ke da shaidu. Daga Ikko har Akara, daga Kwatano har Duwala, in ka ce "gari" ba wanda zai kai ka wani mazauni, kasuwa za a kai ka a auna maka garin rogo. Rogo ba shukar Afirka ba ne. Turawan Fotugal ne suka kawo shi daga Barazil a ƙarni na 16, ya daɗe kuma bai karɓu sosai a wannan yanki ba, saboda irinsa mai ɗaci yana da dafi, sai a ƙarni na 19 da 'yantattun bayi da suka komo daga Barazil, waɗanda ake kira Aguda, suka zauna a Ikko da Porto-Novo da Wida, suka yaɗa dabarar sarrafa shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu wannan sana'a ya ga dabarar: a ɓare rogo a wanke, a gurza shi, a ɗura a buhu a danne da dutse ko katako kwana biyu ko uku, ruwan dafin ya tsiyaye ya yi tsami, a tankaɗe, sa'an nan mace ta zauna gaban faffaɗan kasko tana juyawa da sakaina, hayaƙi na cin idonta, in ana son ja a ɗiga manja. Ra'ayin da ya fi rinjaye wurin masana shi ne sunan wannan abinci daga garinmu na tuwo aka are shi, ta bakin fatake. Abin sha'awa kuma, da ya hauro Arewa sai muka kira shi garin kwaki, "kwaki" kuwa sunan rogo ne a Yarbanci, wanda suke rubutawa "paki" suna furta shi da wani sauti mai haɗa "k" da "p" wanda harshenmu ba shi da shi. Ashe suna ɗaya ne aka yi musaya a cikinsa: mun ba da rabi, mun karɓo rabi, yau kuma Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, ɗalibin makarantar kwana na jiƙa shi da ƙuli-ƙuli bai san ya haɗa nahiyoyi biyu a kofi ɗaya ba.

Mai gaggawa zai ce to ai shi ke nan, tunda rogo daga Barazil ya zo, kuma a Barazil akwai kalmar "gari", magana ta ƙare. Nan ne fa ƙiyasi ke kai mutum ya baro shi. Lalle akwai "gari" a Barazil, amma ma'anarsa mai sharar titi, asalinsa kuwa sunan mutum ne: wani Bafaranshe, Aleixo Gary, shi ya karɓi kwangilar tsabtace birnin Rio de Janeiro a 1876, mutane suka riƙa kiran ma'aikatansa da sunan maigidansu, sunan ya bi sana'ar har yau. Ga hanya tabbatacciya tsakanin ƙasashen biyu, ga jiragen ruwa, ga mutane da suka je suka komo, ga kalma iri ɗaya a gaɓa biyu na teku, duk da haka babu dangantaka. In har inda aka yi cuɗanya ana iya samun kamanni na banza, ina ga inda ba a taɓa haɗuwa ba?

Tafiya ta biyu mai shaidu ta gabas ce. A Indiyanci "gari" abin hawa ne, tun daga keken shanu har jirgin ƙasa, kuma wanda ya saurari masu wannan harshe da kyau zai ji suna jan "ga" suna kuma naɗe harshe a kan "r" daidai yadda muke yi a garin tuwo, har ya zama Ba'indiye in yana kiran motarsa, ba abin da ya rage masa ya yi Hausa sai karin sauti. Wannan kalma ta hau jiragen 'yan kasuwa ta ratsa tekun Indiya: a Farisanci amalanke ce, a Amharanci keken doki, a Somaliyanci mota, a Sawahili ma mota, jirgin ƙasa kuwa su ce "gari la moshi", wato abin hawa mai hayaƙi. Hanyar a bayyane take, domin cinikin gaɓar gabashin Afirka da Indiya ya girmi zuwan Turawa da ƙarnoni, daga baya kuma Ingilishi suka kwaso leburori kimanin 32,000 daga Indiya don shimfiɗa dogon da ya tashi daga Mombasa a 1896 ya isa Kisumu a 1901. Mu kuwa, duk da shekarun da muka yi muna kallon finafinan Indiya a silimun Kano da Kaduna har waɗansu matasanmu suka iya harshen, wannan "gari" bai shigo Hausa ba, domin mota ta zo mana ta hannun Ingilishi da sunanta, keke da amalanke kuma ta hannun Yarbawa. Kalma ba ta shiga harshe don an ji ta kurum, sai in ta zo da kaya kuma ta tarar da gurbi.

Sauran kuwa tsintuwa ce. A Japan "gari" citta ce da ake yankawa siriri a jiƙa a ruwan tsami mai zaƙi, a ci da ɗanyen kifi, an kuma ce ƙarar taunarta ce ta ba ta suna. A harshen Baskawa na kan iyakar Sifen da Faransa, harshen da ba a san masa ɗan'uwa ko ɗaya a cikin rayayyun harsuna ba, "gari" alkama ce. A Armeniyanci sha'ir ne. Waɗannan biyu su ne tarkon da ya fi haɗari, don hatsi da gari sun yi kusa ƙwarai, mai son zuciya zai iya gina littafi guda a kansu. Alhazan da suka bi ta ƙasa sun san Basudane yana mai da ƙafi "g", ya kira makarancin Alƙur'ani "gari". Bamisire kuma yana mai da jimi "g", "gari" a bakinsa maƙwabcina ke nan. Kai, har "nagari" tamu tana da sa'a a Indiya, inda "nagar" da "nagari" ke nufin birni, kamar a sunan Srinagar.

Dalilin wannan yawan karo ba gaibu ba ne, hisabi ne. A ƙaddara harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5. Kalmomi masu gaɓa biyu irin "gari" da za a iya ƙerawa da su 10,000 ne kacal, wato 20 sau 5 sau 20 sau 5. Harsunan duniya kuwa sun kai wajen 7,000, kowanne da dubban kalmomi, bakin ɗan Adam kuma iri ɗaya ne ko'ina, leɓe biyu da harshe guda. Da a ce an rasa "gari" a harsuna goma sha wani abu, wannan ne zai zama abin al'ajabi.

Magabata ba su gafala daga wannan mas'ala ba, sun ma yi mata bincike mai zurfi fiye da namu, domin ta taɓa Littafin Allah. Sun kira kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa "mushtaraki", babban misalinsu kuwa "ainu", wadda ke nufin ido, da idon ruwa, da ɗan leƙen asiri, da zatin abu, daga ta ƙarshen nan ne muka sami "ainihi". Sun kira baƙuwar kalma da Larabawa suka ara suka gyara mata lafazi "mu'arrabi", har Jawaliƙi, wanda ya rasu a 540 ta Hijira, ya tara su a littafi guda. Da aka zo kan kalmomin Alƙur'ani irin su "mishkat" da aka ce ta Habasha ce, da "istabraƙ" ta Farisa, da "ƙisɗas" ta Rum, sai malamai suka rabu: Imamu Shafi'i ya tsananta inkari ga mai cewa akwai abin da ba Larabci ba a cikinsa, Ɗabari ya tafi a kan cewa dacewa ce ta harsuna, kowace al'umma ta furta lafazin ba tare da ta ara ba, Abu Ubaidu ya haɗa maganganun biyu, ya ce asalinsu baƙi ne, amma Larabawa sun riga sun mai da su nasu kafin saukar wahayi. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 ta Hijira, wato 1505, wanda kuma ba baƙo ba ne a wurinmu tunda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, ya tattara wannan saɓani a cikin littafinsa Itƙan, ya kuma keɓe babi a littafinsa Muzhir don dacewar harsuna. Ba nufina in yi tarjihi a tsakanin waɗannan manya ba, ban kai ba; abin lura shi ne dukansu sun yarda kamanni iri biyu ne, akwai na aro akwai na dacewa, kuma ba wanda ya halatta a haɗa su ba da dalili ba. Masana na zamani abin da suka ƙara shi ne sharaɗi: sai an ga sauyin sauti yana maimaituwa bisa ƙa'ida a kalmomi masu yawa, kuma a ginin nahawu. Da wannan ma'auni ne Joseph Greenberg, a shekarun 1950, ya tabbatar da Hausa cikin dangi ɗaya da Larabci da harshen Buzaye da tsohon harshen Misira, shaidunsa kuwa irin su "ta" ta mace, da "mutu" da "mautu", da "suna" da "ismu". Dubi na ƙarshen nan: 'yan'uwa ne na jini, amma ba mai jin su ya ce sun yi kama.

Yanzu sai Gwari. Na sha jin mai cewa ai "gari" ne aka lanƙwasa, wani ma ya ce daga "gwauro" ne. Ba ɗaya. Mutanen da ake nufi suna kiran kansu Gbagyi da Gbari, su ne Hausawa suka rarrabe da Gwarin Matayi da Gwarin Yamma, harshensu ɗan'uwan Nufanci ne, ƙasarsu ta miƙe daga Minna da Kuta har Abuja da Cikun. Sautin "gb" babu shi a Hausa, Bahaushe kuma in ya gamu da shi ko da ɗan'uwansa "kp" yakan mai da su "gw" da "kw". Ƙa'idar da ta mai da "paki" kwaki, ta mai da "apoti" na Yarbawa akwati, ita ce ta mai da Gbari Gwari. Wannan ita ce hujja irin wadda ake nema, mai maimaita kanta. Hanyar ma sananniya ce: an lissafa Gwari cikin ƙasashe bakwai na maƙwabta da aka yi wa laƙabin Banza Bakwai, tsohon birnin yana kan turbar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, Hugh Clapperton ma ta nan ya ratsa a 1826 a kan hanyarsa daga bakin Kwara zuwa Zariya da Kano, ya rubuta sunan wurin "Guari". Sarkin birnin, Mai Martaba Malam Zubairu Jibril, da laƙabin Mai Gwari na Biyu ake kiransa, wanda ke nuna a can sunan abin alfahari ne.

Amma dubi kayan da muka ɗora wa kalmar bayan mun are ta. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa mun kira su kayan gwari, masu sayar da su 'yan gwari, ko da kuwa Bakano ne ɗan Bakano, wannan kuwa shaida ce ta ƙwazon mutanen a noma. In muna son a warware mana zance dalla-dalla sai mu ce a yi mana gwari-gwari. Sa'an nan maganar da ba ta fita, ta jariri ko ta mai maye, muka kira ta gwaranci, masu wasan barkwanci kuma suka mai da Bagwari abin dariya a finafinai, mai karya Hausa da ɗaurin zane. Ba mu muka fara wannan rashin adalci ba: Girkawa sun kira duk wanda ba ya jin harshensu "barbaros", don a kunnensu "bar-bar" kawai yake yi, Rashawa sun kira Bajamushe da kalmar da asalinta bebe, Larabawa sun kira sauran duniya Ajamawa, wato masu maganar da ba ta bayyana, da mu a ciki, shi ya sa rubutunmu na allo ya zama ajami. Sai ga shi Sibawaihi, wanda ya rubuta littafin da ya zama uwar nahawun Larabci, Ba'ajame ne ɗan Farisa. Ga kuma Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, hotonta na kan takardar Naira 20 a aljihun mai yi mata gwaranci. Gbagyi da yawa a yau ba sa son a kira su Gwari, ni kuwa ina ganin suna da gaskiya, ba don lafazin yana da aibi ba, sai don abin da muka rataya masa. Wanda ya ce a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa bai nemi abin da ya wuce haƙƙinsa ba.

Abin da muka yi wa Gwari, shi duniya ta yi wa Birnin Gwari. Shekarun baya in an ambaci sunan, abin da ke zuwa zuciya masara ne da waken suya, da zinariyar tsohon birni, da dam ɗin Bagoma, da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 na doka da kawo da maje da kaɗanya, inda giwa da gwanki ke kiwo, ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara. Daga baya sai sunan ya koma yana nufin hanyar da ba a bi sai da rakiyar soja, ta Buruku da Udawa. Wani ɗan ta'adda aka riƙa kiransa Buharin Daji, wato gari na da shugabansa Buhari daji ma na da nasa, har wani irinsa mai suna Dogo Giɗe ya kashe shi a Maris 2018. A watan Mayu na shekarar aka shiga Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. 'Yan Ansaru suka kafa sansani ta wajen Damari suna wa'azi. Manomi ya koma biyan haraji kafin ya shuka da kafin ya girbe. A nan ne tsohon hukuncin nan namu, na cewa kirki a gari yake sharri a daji, ya nuna gurguntakarsa ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya ya sa an yi wa duk mazaunin daji kuɗin goro, makiyayi da mafarauci da mai saran itace, alhali da yawansu su aka fara kora da sace wa dukiya. Ta ɗaya fuskar ya rufe mana ido daga abin da kakanni suka faɗa tuntuni, cewa da ɗan gari kan ci gari: mai kai rahoto, da mai kai mai da burodi, da dillalin shanun sata, duk a gari suke kwana, waɗansu ma a sahun farko suke salla. Har sabuwar kalma muka ara musu, "infoma", ita ma ta zo da kayanta ta tarar da gurbi.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, motoci suka koma bin hanya. Ko sulhun zai ɗore, wannan mas'ala ce ta wani lokaci, kuma waɗanda suka binne 'yan'uwansu sun fi ni cancantar magana a kanta. Abin da ya shafi zancenmu na yau shi ne, wannan sarari da aka samu dama ce ga sassan harsunan Nijeriya na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero. Ƙasar nan mahaɗa ce ta Hausa da Gbagyi da Kamuku da Fulatanci, sunan kowane rafi da dutse da kufai yana riƙe da labarin wanda ya fara sauka a wurin, waɗanda suka san wannan labari kuwa tsofaffi ne, da yawansu an raba su da ƙauyukansu suna zaman haya a cikin gari, jikokinsu ba su jin komai sai Hausa. Maimakon a ba ɗalibi aikin gwada Hausa da harshen Fir'auna daga cikin ɗakin karatu, a ba shi kuɗin mota da na'urar ɗaukar murya, domin boko zai haɗiye masa tsawon wasali da karin sauti, ya je ya durƙusa ya gai da su, ya tambaye su Kakangi da Randagi da Kutemeshi da Kazage wane harshe ne ya raɗa su, me suke nufi a cikinsa, kuma yaya ake furta su kafin malamin haraji ya rubuta su a takarda.